Shekarar da Na Nemi Aikin Saurare

Majami'ar da muke zuwa a Woodbridge, a jihar Virginia ta Amurka, ba ta 'yan Afirka ba ce. Da muka tare a unguwar, ni da matata da 'ya'yanmu biyu, mun ɗan zazzaga kafin mu zauna a wannan. Abin da ya tsayar da mu ba wani babba ba ne. Ranar Lahadin da muka fara shiga, mai jagorar addu'a ya roƙi Allah saboda Kiristocin arewacin Najeriya. Bai iya faɗin sunayen garuruwan daidai ba, amma dai ya faɗe su. Matata ta kama hannuna ta matse. Ni ɗan mai bishara ne daga wani ƙauye kudu da Zariya, ban taɓa zaton akwai farar fata a Virginia da ya san muna duniya ba.

Wanda ya yi addu'ar dattijon ikilisiya ne, dogon Bature mai furfura, tsohon soja. Bayan ya bar soja ya yi wa gwamnati wani aiki da ba ya son faɗa. Da aka tashi sujada ya zo ya gaishe mu, ya tambayi daga ina muke, ya gayyace ni karin kumallon maza da ake yi a gidansa kowace Asabar. Tun daga ranar nake kiransa Dattijo. Na fassara masa kalmar, ya ji daɗinta.

Asabar ɗin farko na tarar da tutar Amurka a ƙofar gidansa, da motoci jere a bakin titi. Ina shiga sai ya miƙo mini wani tsohon akwatin ƙarfe, irin wanda sojoji ke zuba harsashi. A ciki akwai wayoyin hannu.

"Sa taka," ya ce. "Ba don kai baƙo ne ba. Kowa yana sawa."

Na ɗauka don kada waya ta yi ƙara ana addu'a ne, sai na ce masa ai na kashe sautin.

"Ba sautinta nake gudu ba. Kunnenta nake gudu."

Na sa. Ya rufe, ya kai akwatin gareji, ya dawo ya zuba mini kofi.

Aka ci ƙwai da burodi, aka yi waƙa, aka karanta Littafi Mai Tsarki, aka yi addu'a. Bayan nan hira ta ɓarke, kuma hirar duk a kan gwamnati ce. Wani ya ce babu kiran da ake yi a ƙasar nan da ba a ajiye shi a wani wuri. Wani ya ce rana na zuwa da za a riƙa rubuta sunan duk fasto da ya yi wa'azi a kan aure ko zubar da ciki. Wani kuma ya ce shi ya daina biyan baiko da kati, tsabar kuɗi yake sawa, don kada a san majami'ar da yake bi. Ina saurare ina kallon fuskokinsu. Yawancinsu gwamnatin nan suke wa aiki, ko kamfanonin da ke mata kwangila. Su ne ke fita tun asuba su shiga cunkoson babbar hanya zuwa Washington. Ɗan Dattijo ma soja ne, hotonsa da kaki na rataye a bango kusa da gicciye.

Da aka tambaye ni yadda abin yake a wurinmu, sai na ba su labarin Yayana. 'Yan shekaru kafin nan 'yan bindiga sun shiga ƙauyen da ke maƙwabtaka da namu. Yaya ya kira ofishin 'yan sanda ba a ɗauka ba. Ya kira wani jami'in da ya sani, waya a kashe. Da ya rasa wanda zai kira sai ya kira ni. Ni kuwa ina cikin kanti a Virginia da la'asar, riƙe da kwandon sayayya, ina jin mata suna kuka ta bayansa.

"A wurinmu," na ce, "addu'ar da ake yi ita ce Allah ya sa hukuma ta ji."

Can Dattijo ya ce shi ya sa ba ya so a raba mutum da bindigarsa, don ranar da ka nemi gwamnati ba za ka gan ta ba. Wani ya ce duk da haka an umarce mu mu yi wa mahukunta biyayya da addu'a. Kowa ya gyaɗa kai ga magana ta farko, kowa ya gyaɗa kai ga ta biyun. Na koma gida ban san wacce zan ɗauka ba.

A abubuwa da yawa bakinmu ɗaya da mutanen nan. Yadda suke kallon aure da tarbiyyar yara da ran jinjirin da ke ciki, haka mahaifina ya koya mana. A shekarar na zama ɗan ƙasa, Dattijo da matarsa har suka raka mu wurin rantsuwa, kuma bai ɓoye mini jam'iyyar da yake ganin ta dace da mai bi ba. Amma in na kunna rediyo a mota, masu goyon bayan jam'iyyar nan nake ji suna magana a kan baƙi irina kamar mu ne muka ɓata ƙasar. Na kai wa matata wannan ƙorafi ba sau ɗaya ba.

"Maigida," ta ce, "ka je ka ci ƙwanka, ka yi addu'arka, ka dawo. Wa ya ce sai ka gane su?"

Akwai wani amini nawa a Greenbelt, wani gari a ɗaya gefen Washington, Bakano, injiniya, Musulmi. A kantin 'yan Afirka muka haɗu, ya ji ina waya da Hausa ina tambayar matata ko daddawa ta ƙare, sai ya tsaya ya yi mini sallama. Yana kirana Fasto ko da yake ni ba fasto ba ne, ni kuma ina kiransa Alhaji. Da Sallah matarsa kan aiko mana da nama, da Kirsimeti mu kai musu cincin da shinkafa. Da na ba shi labarin akwatin wayoyi, dariya ya yi har da tari.

"Su ma? To su me suka yi?"

Sai ya ba ni nasa. Kusan duk dawowarsa daga gida sai an ware shi a filin jirgi an kai shi wani ɗaki an yi masa tambayoyi. A masallacinsu an taɓa yin wani sabon zuwa mai yawan fara'a da yawan tambaya, yana son sanin ra'ayin kowa a kan komai, daga baya ya ɓace ba sallama. Ba wanda ya san ko wane ne, amma kowa ya yi zargi.

"Mu mun daɗe da sanin akwai mai ji," in ji shi. "In na kira Hajiya mahaifiyata a Kano har gaishe shi nake yi. In ce, mai saurare, ina wuni, ya aiki."

Wata Asabar bayan an watse na tambayi Dattijo, in ba daidai ba ne a saurari majami'a, masallaci fa?

"Wannan daban," ya ce da sauri. Sai ya tsaya yana goge tebur. "A lokacin dai na ɗauka daban ne. Yanzu ban sani ba. Abin da aka gina don wani, ba ya tsayawa a kan wanin."

A lokacin aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. A gida malamin sakandare ne ni, a nan kuwa ɗaga mutum nake yi daga gado zuwa kujera, bayana ya fara ciwo. Matata ce ta ga tallar a intanet. Wani kamfani da ke yi wa gwamnati aiki yana neman 'yan ƙasa masu jin Hausa sosai, don fassara. Ba a faɗi fassarar me ba. Na aika takarduna, bayan 'yan makonni suka kira ni jarrabawa.

Na shiga jirgin ƙasa na safe zuwa unguwar Southwest a Washington, cikin ma'aikata masu katin shaida rataye a wuya. Ginin ba shi da wata alama, dogo ne mai launin toka kamar sauran da ke kewaye da shi. Aka karɓi wayata a ƙofa aka kulle a wani ɗan akwati, aka ba ni mabuɗi. Wani saurayi ya zaunar da ni gaban kwamfuta ya ba ni abin sawa a kunne. Ya ce zan ji hira, in rubuta ta da Turanci.

Maza biyu ne ke magana, layin yana yankewa. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar gajiya da ruwan sama. Ɗayan ya ce jikin tsohuwa da sauƙi, amma ƙafar ce har yanzu. Zakara ya yi cara a bayansa. Sai ɗayan ya ce, "Kayan nan fa, sun iso?" Aka ce masa, "Sun iso, amma sai an yi a hankali, hanya ba kyau." Mai amsar ya yi tari irin na Yayana, busasshe, sau biyu a jere. Na san ba shi ba ne, Hausarsa ta yamma ce. Amma hannuna ya tsaya a kan kwamfutar.

Da na gama saurayin ya duba, ya nuna kalmar kaya.

"Wane irin kaya?"

Na ce ban sani ba. Zai iya zama masara, ko taki, ko kayan ɗakin amarya, ko magani.

"Zai iya zama wani abu dabam?"

"Zai iya."

"Hanya ba kyau fa? Ramuka yake nufi, ko jami'an tsaro?"

"Duka ana faɗa."

Ya gyaɗa kai kamar amsar ta yi masa. Na tambaye shi ko mutanen nan na gaske ne, ko kuwa an ɗauko wasu ne suka yi wasan don jarrabawa. Ya yi murmushi ya ce ba shi da izinin faɗa. A jirgin komawa na yi ta tunanin tsohuwar mai ciwon ƙafa. In ta gaske ce, ba ta san wani baƙo a Washington ya san da ƙafarta ba.

Na ci jarrabawar. Saura bincike, wanda aka ce zai ɗauki watanni. Suka nemi sunayen mutanen da suka san ni sosai. Mutum biyu ne suka zo mini a rai, kuma na ga ya kamata in nemi izininsu tukuna.

Na fara da Dattijo, ina tsammanin zai ɓata rai. Sai ya rungume ni.

"Gara mai tsoron Allah ya zauna a kujerar nan," ya ce.

"Amma Dattijo, kai ne kake ɓoye waya saboda su."

"Haka ne."

"To in na shiga, ai na zama su ke nan."

"Za ka zama namu a cikinsu." Ya dube ni. "Ka ɗauka a jarida na karanta abin da nake tsoro? Ina wurin aka gina wasu daga cikin abubuwan nan. Mutanen kirki ne suka gina su, muna addu'a tare da wasunsu. Kuma sun ceci rayuka, wannan na sani. Ba zan iya ba ka labarin ba."

"To abu mai kyau ne ko mummuna?"

"Ya danganta da wanda ke riƙe da shi."

"Yanzu wa ke riƙe da shi?"

"Yau wasu, gobe wasu," ya ce, ya tashi ya ɗauko mini sauran kofi.

Alhaji kuwa ta waya na gaya masa, kuma daga baya na ga da na je da kaina ya fi.

"Ka ba su sunana?"

"Ban ba su ba tukuna. Izini nake nema."

"Ba su. Ai suna da shi." Ya yi 'yar dariya wadda ba irin tasa ba. "Fasto, in wata rana ka sa abin a kunne ka ji muryata fa?"

Na ce an gaya mini aikin na ƙasashen waje ne, ba na mazauna nan ba.

"Ai Hajiya a waje take," ya ce.

Na yi tunanin 'yan bindigar da suka shiga ƙauyen maƙwabtanmu. Su ma da waya suke shirya abinsu, kuma da Hausa. Da akwai wanda ya saurare su ya gane, wataƙila da mutanen da aka binne suna raye. Na so in faɗa wa Alhaji haka, amma na ji in na faɗa zai zama kamar ina haɗa shi da su.

Mai binciken da ta zo gidanmu yarinya ce mai ladabi, da ɗan gicciyen azurfa a wuyanta. Matata ta kawo mata zoɓo da cincin, ta yi godiya ta ce ruwa kawai za ta sha. Ta tambaye ni makarantun da na yi, gidajen da na zauna, ko ina shan giya, ko na taɓa shiga wata ƙungiya. Sai ta ce in faɗa mata 'yan ƙasar waje da nake hulɗa da su a kai a kai.

Na ce mata ban san inda zan fara ba. In na kira mahaifiyata, wayar takan zaga gidan gaba ɗaya, daga matan 'yan'uwana zuwa maƙwabcin da ya shigo aron gatari. Akwai tsofaffin ɗalibaina, akwai 'yan ƙungiyar mawaƙan majami'armu, akwai waɗanda ban san sunansu na yanka ba sai laƙabi.

"Waɗanda kake da kusanci da su dai," ta ce.

"Duk ina da kusanci da su."

Ta dube ni, ta dubi matata, ta ce mu fara da 'yan'uwa na jini. Muka yi ta yi har yara suka dawo makaranta. Ɗiyata ta tambaye ni da Turanci ko na yi laifi ne. Na amsa mata da Hausa cewa aiki nake nema.

Ta je wurin Dattijo. Ya ba ni labari cewa ya miƙa mata akwatin ƙarfen, ta ce dokar aikinta ba ta yarda ta rabu da wayarta ba, sai suka zauna a baranda cikin sanyi, ya yabe ni har ta gaji da rubutu. Ta je wurin Alhaji ma. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Na faɗi alheri."

Daga nan abubuwa suka canja ba tare da kowa ya yi faɗa da kowa ba. Da, ni da Alhaji mukan yi hira a waya mu zagi 'yan siyasar Najeriya da na Amurka har batir ya mutu. Yanzu gaisuwa ce da tambayar iyali, sai ya ce ana kiransa. Ni ma na fara sauraron kaina. Yaya ya kira yana faɗa a kan sojojin da aka kawo yankinmu, yana cewa matasa sun gaji, za su nemi abin kare kansu. Na katse shi na ce mu bar wannan maganar.

"Me ya same ka?" ya ce. "Da wa zan yi ta in ban yi da kai ba?"

Ban aikata komai ba, ba a ma ɗauke ni aikin ba, amma ina auna kowace kalma kamar akwai wani irina a wani ɗaki da zai tambayi kansa me nake nufi. Har addu'ata ta shiga ciki. Tun muna yara mahaifina ke gaya mana Allah yana jin ko raɗar zuci, kuma wannan ne ke sa mu barci in ana tsawa. Yanzu in na durƙusa sai in rasa abin da zan roƙa. In ce ya ba ni aikin, sai in tuna Hajiyar Alhaji. In ce ya hana ni, sai in tuna bayana da makarantar yara, da kukan matan nan a waya. Na koma cewa nufinka ya cika, ba don bangaskiyata ta ƙaru ba, don dai ban san me nake so ba.

A cikin wannan jira aka yi zaɓe, na farko da na kaɗa ƙuri'a a ƙasar. Na daɗe tsaye a ɗan lungun da ake dangwala ƙuri'a har ma'aikaciyar wurin ta leƙo ta tambayi ko ina bukatar taimako. Ban gaya wa Dattijo wanda na zaɓa ba, bai kuma tambaya ba. Matata ma ba ta gaya mini nata ba.

Bayan wasu watanni imel ya zo daga kamfanin. Gajere ne. Gwamnati na rage kashe kuɗi, an dakatar da kwangilar, suna godiya da sha'awar da na nuna. A lokacin nan maza da dama a teburin Asabar suka rasa ayyukansu. Dattijo ya ce ragin daidai ne, gwamnati ta yi ƙiba, abin da suka zaɓa ke nan. A safiyar nan kuma ya ɗora hannu a kan wani magidanci da aka sallama, ya yi masa addu'a, kuma shi ya yi ta buga waya har ya samo masa wani aikin. Da na gaya masa nawa, ya ce Allah ne ya rufe ƙofar. Ban tuna masa cewa shi ya ce gara in zauna a kujerar ba.

Lahadin da ta biyo baya, bayan sujada, muka tuƙa zuwa Greenbelt. Mata suka shiga kicin, yara suka kama wasansu, ni da Alhaji muka fita tattaki a bakin tafkin unguwarsu. Na gaya masa.

"Allah ya sa haka ne mafi alheri," ya ce. Muka ɗan yi tafiya. "Da sun kira ka, da ka je?"

"Ban sani ba, Alhaji. Wallahi ban sani ba."

Ya tsaya yana kallon agwagi a ruwa.

"Ni ma na taɓa zuwa wannan jarrabawar," ya ce. "Shekarun baya, lokacin da kamfaninmu ya rufe. Ban gaya wa kowa ba, ko ita uwargida. Na ci kuwa, sun ce Hausata ta fi ta kowa. Suka ce za a yi bincike. Daga nan ban sake ji daga gare su ba."

"Ka ji daɗi da ba su kira ba?"

"Haushi na ji. Na fi wata ina jin haushi. Na riga na yanke cewa ba zan karɓa ba, amma da suka ƙi kira sai na ji kamar an zage ni." Ya girgiza kai. "Kai ka gane wannan?"

Na ce ban gane ba.

"Ni ma haka," ya ce.

Wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce, tana cewa tuwo na hucewa. Muka juya muka nufi gida, yana ba ni labarin wani ɗan majalisar jiharsu da ya raba wa mutanen mazaɓarsa baro da buhun gishiri, muna dariya.